Sujadar Rayis Larusi

Duk wanda ya san Rayis Larusi a tsibirinmu na Kerkena ya san bakinsa. Rayis muke ce wa shugaban jirgin kamun kifi. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa a cikin teku yana kafa sharfiya, shingen nan na reshen dabino da muke tare kifi da shi, kuma bai taɓa ganin abin tsokana ya bar shi ya wuce ba. A masallacin unguwarsu akwai kujerun roba jere a jikin bangon baya, na tsofaffin da gwiwa ko ƙugu ya hana su kai ƙasa. Shi ya raɗa musu suna 'yan majalisa. In ya shigo sai ya ɗaga musu hannu ya ce, “Ranku ya daɗe, yau wace doka aka zartar?” Su bi shi da zagi, ya wuce sahun gaba yana ƙyaƙyata dariya.

To, sai ga Larusi a majalisa.

Abin ya faro masa da haki. Ya ɗan taka zuwa bakin ruwa ya tsaya, ya ja igiya ya tsaya. Daga nan kwanciya ta gagara sai an tara masa matasai a baya, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. In ya sunkuya kuwa, sai ya ji zuciyarsa tana dukan kunnuwansa kamar ana buga ƙofa, numfashi ya ɗauke. Wata la'asar ya yi sujada ya kasa tasowa, sai da aka kama shi ta hammata. Washegari ya shigo masallaci kansa a ƙasa, ya tarar an ajiye masa kujera a tsakiyar majalisa, amininsa Jilani yana kaɗe mata ƙura da hularsa.

“Bismilla, shugaba,” in ji Jilani. “Mun daɗe muna jiranka.”

Ya yi dariya tare da su, don ya san shi ya ja wa kansa. Amma abin ya ci shi ƙwarai. Jirgin da ya bar wa ɗan ƙanensa bai dame shi ba, gishirin da aka hana shi ma ya haƙura. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne goshinsa. Liman ya ce Allahu akbar, jama'a su zube ƙasa gaba ɗaya, shi kuwa ya ɗan rusunar da kai yana kallon bayansu. Liman ya sha gaya masa sallarsa ta cika, Allah ya san uzurinsa, kuma ya yarda da haka. Shi dai kewar tabarma yake yi, har yakan yi hawaye in yana salla shi kaɗai a ɗaki.

'Yarsa Nabiha, wadda ke koyarwa a birnin Safakis, can tsallaken teku, ita ta sa shi gaba sai da ya hau jirgin fito. Likitar zuciyar mace ce, Dakta Ilham, 'yar siririya mai saurin magana. Ta daɗe tana kallon hoton zuciyarsa tana motsi a allo, sannan ta juyo ta kira shi Ammi, wato baffa, yadda muke kiran dattijo.

“Ammi Larusi, injin jirginka yana da bawul?”

“Wane inji ne ba shi da shi?”

“In ya daina rufewa fa?”

“Ya yi ta ƙugi yana shan mai, jirgi na nan inda yake.”

“To kai ke nan. Ƙofar da jini ke bi ya fita daga zuciyarka yoyo take yi. Zuciya ta tura jini, ya zubo mata baya, ta sake turawa. Ta gaji.”

“Sai ku tsaga ni ku sa sabuwa, yadda aka yi wa Jilani.”

Ta girgiza kai. Shekarunsa sun ja, huhunsa ya sha taba har ya ƙoshi, ƙodarsa ma lallaɓawa take yi. In aka tsaga ƙirjin nan ba ta da tabbacin zai farka. Ta ce akwai hanyar da ake bi wa irinsa, a zura sabuwar ƙofa ta cikin jijiya, amma a da ba ta cika yi wa mai yoyo ba, don sabuwar tana son tsohuwar da ta yi tauri ta dafe a jikinta, tasa kuwa laushi gare ta, sai ta zame. Yanzu an samo wata mai 'yan maƙalai, tana cafke leɓunan tsohuwar ta zauna daram. Za su naɗe ta a bakin wani siririn bututu, su shiga ta jijiyar gindin cinyarsa, su bi har zuciya, su buɗe ta a can.

Nabiha ta yi ta jero tambayoyi. Larusi guda ɗaya ya yi.

“Binti, 'yata, zan yi sujada?”

“In sha Allahu. Ka dai bari inda muka shiga ya warke tukuna, kar ka durƙusa min a kansa.”

Ranar aikin ba abin da zai iya ba da labari. Ɗaki mai sanyi, fitilu, wani ma'aikaci yana tambayarsa ko karnit, dabbar tekun nan da muke ci, ya yi yawa bana. Ya buɗe baki zai ce masa wannan mai hannu takwas ɗin sai sanyi ya kankama yake shiga tukunyar tarko, sai ya farka a wani gadon, Nabiha tana sumbatar hannunsa. Ya laluba ƙirjinsa, sumul. Ɗan filasta ne kawai a gindin cinya. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi, ya sauko daga jirgin fito da ƙafarsa.

Nan fa aka samu matsala, kuma wallahi laifinmu ne mu mutanen tsibiri. Abu biyu muka sani game da asibitocin Safakis. In an yi wa mutum aikin zuciya, sai an manta da kamanninsa kafin ya dawo, kuma a kwance, da ɗinki daga maƙogwaro har kusa da cibiya. In kuwa aka dawo da shi da wuri ba a taɓa shi ba, to likitoci sun ce a kai shi gida ya cika a cikin iyalinsa. Ba a kuma gaya wa mai shi. Abin kunya ne a wurinmu ɗa ya dubi idon ubansa ya ce masa babu magani. Sai dai a ce, “Likita ya ce ka warke,” kowa ya ce madalla, a juya baya a share hawaye.

Jilani ne ya fara zuwa, yana dogara sanda. Ya tarar da Larusi a tsakar gida ƙarƙashin inabi, matarsa Shadliya tana zuba masa shayi. Shi Jilani tun da aka yi masa nasa aikin bai ƙara ɓalla maɓallin sama na rigarsa ba, ko ana ruwa ko ana iska, don kowa ya ga abin da ya sha.

“Lafiya ta samu, Rayis? To buɗe mu gani. Naka ya kai nawa tsawo?”

Larusi ya buɗe riga yana murmushi. Jilani ya matso, ya gyara tabarau, ya duba sama ya duba ƙasa.

“Ina ɗinkin?”

“Babu. Ta cinya suka bi.”

“Ta cinya?”

“Ta cinya.”

“Yaushe zuciyarka ta koma cinya?”

“Jahili! Jijiya ce suka bi, kamar yadda kake bin mashigi ka kai tashar ruwa.”

“To nuna min wurin.”

“Kai, Jilani, ka ji tsoron Allah! Da furfurata zan kwance maka wando a gaban matata?”

Jilani bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dubi Shadliya, ita ma ta dube shi. Ya ɓalla wa Larusi maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya dafa kafaɗarsa.

“Haka ne, ɗan'uwana. Ta cinya. Ai ka warke.”

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Nabiha ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ta rantse da Allah, ta rantse da ran 'ya'yanta. Uwarta ta rungume ta ta ce, “Na sani, binti, Allah ya yi miki albarka. Abin da ya kamata ki faɗa ke nan.” Ta ce to bari ta kira Dakta Ilham a waya kowa ya ji da kunnensa. Aka ce haba, kar ta wahalar da baiwar Allah, ai likitoci ma 'ya'yan mutane ne, sun san abin da ake faɗa. Nabiha ta buga ƙafa a ƙasa ta ce ba ta taɓa ganin mutane masu taurin kai irin na garinsu ba. Hutun da ta ɗauka ya ƙare, ta koma Safakis tana faɗa har cikin jirgi.

Sai aka fara zuwa neman gafara. Da farko Larusi ya ji daɗin abin, ba zan ɓoye muku ba. Belgasim mai gidan burodi ya dawo da tsanin da ya ara tun bikin 'yarsa, wadda yanzu take da jika. Wani ya turo angar jirgi a baro. Wata tsohuwa ta kawo tukunyar kuskus da Shadliya ta daɗe da cire rai da ita. Har Tahar ya zo, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda iyakar sharfiyarsu a teku. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya shigo ya sumbaci kan Larusi.

“Rayis, ka yafe ni. Wurin nan naka ne tun kakanni, ni ma na sani.”

“Jama'a kun ji ko?” in ji Larusi da ƙarfi. “Ku shaida! Tahar, sake faɗa, Jilani kunnensa ɗaya ne.”

Tahar ya sake faɗa yana kuka. Larusi ya riƙe ciki yana dariya, su kuwa suna cewa Allah sarki, dubi ƙarfin halinsa har ƙarshe.

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ranar da Shadliya ta ajiye masa kuskus da busasshen karnit, gishiri zau, abincin da ta yi shekara biyu tana hana shi ko ƙamshinsa, ta zauna ta zuba masa ido tana cewa ya ci duk abin da ransa ke so, sai ya ajiye cokali. Ya tuna marigayi wansa Mansur. A wannan jirgin fiton aka dawo da shi, da ƙafarsa shi ma, kuma shi Larusi da bakinsa ya ce masa, “Likita ya ce ka warke.” Da fara'a ya faɗa, har da tafa masa baya. To shi me ya gani a Safakis? Fitilu ya gani. Nabiha 'yar kirki ce, kuma 'yar kirki ita ce za ta ɓoye masa.

Jikinsa dai yana gaya masa wani abu dabam. Ya jefar da matasan nan ya kwanta a miƙe ya yi barci har da minshari. Takalminsa ya shiga. Wata safiya ya hau soro duba tankin ruwa, sai da ya kai sama ya tuna bai tsaya a hanya ba. Yana can yana murna sai ya jiyo maƙwabciya ta katanga tana ce wa Shadliya, “Haka mijina ya yi. Sauƙin nan ne da kan zo wa mai tafiya. Ki dai yi haƙuri.” Ya sauko a sanyaye. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji a teku ba.

A masallaci kuma yana nan a kujerarsa, don ya riƙe maganar likita. 'Yan majalisa sun daina tsokanarsa. Wannan ya fi komai ɓata masa rai. Har ya takale su da gangan, ya ce wa Jilani kansa kamar kankana, Jilani ya ce, “Gaskiyarka, ɗan'uwana.”

Ranar da ma'aikacin jinya na unguwa ya cire filasta ya ce wuri ya warke sarai, Larusi ya dawo gida ya tarar da Shadliya tana tsince alkama a faranti. Ya ja kujera ya zauna gabanta.

“Shadliya, dube ni. Nabiha ta gaya miki wani abin da ba ta gaya min ba?”

“Ba ta gaya min ba.”

“Ki rantse.”

“Wallahi ba ta gaya min ba, Rayis. Cewa take ka warke.” Sai hawaye. “Amma ai ni ma haka na ce wa mahaifiyata.”

Ya gyara zama ya dube ta.

“To ni na gaji da zama tsakani. Yau da la'asar zan kai goshina ƙasa. In na taso, na warke, kowa ya kama bakinsa. In ban taso ba, a ina mutum zai fi son a ɗauke shi?”

Ta dire farantin har alkama ta watse. Ta ce bai isa ba, ta ce tun yana saurayi ba ya jin magana, ta ce in ya mutu a masallaci kar ya sa ran za ta yi masa kuka. Ya bar ta ta gama. Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da farar jabbarsa ta Idi, ta yayyafa mata ruwan furen lemo, ta riƙe masa ya zura hannu. Ta gyara masa wuyan rigar ya fi sau nawa, ba abin da ya same shi.

Ya isa masallaci an yi kira, ba a tayar ba, mutane na zazzaune suna jira. Jilani ya jawo masa kujerarsa. Larusi ya wuce ta kamar bai gani ba, ya ratsa sahu har gaba kusa da liman, ya ɗaga hannu ya kabbara nafila.

“Larusi!” in ji Jilani da raɗa mai ƙarfi. “Kai, Larusi, dawo nan!”

Ina, ya riga ya shiga salla. Ya karanta Fatiha da 'yar gajeriyar sura. Ya yi ruku'u ya saurara, yana jiran bugun nan a kunnuwansa. Shiru. Ya ɗago. Ya ce Allahu akbar ya tafi ƙasa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har sahu na uku aka ji, tafukansa suka sauka, sannan goshinsa.

Tabarmar da ɗan sanyinta. Tana ƙamshin busasshiyar ciyawa da gishirin teku da ƙafafun mutane, yadda ya bar ta. Ya ja numfashi, ya shiga har ƙasa. Ya sake ja, ya sake shiga. Zuciyarsa tana tafiya a hankali abinta, ba ruwanta. Wayyo daɗi! Ya yi tasbihi, ya ƙara, ya ƙara, sai ya ga ai ba inda za shi. Maganar shekara biyu ce a bakinsa. Ya gode wa Allah har ya rasa kalma. Ya roƙa wa Dakta Ilham da hannuwanta, ya roƙa wa Nabiha da ya ƙi yarda da ita, ya roƙa wa Shadliya da bakinta. Ya roƙa wa Mansur rahama. Har Tahar ya samu rabonsa. Hawaye na bin hancinsa suna jiƙa tabarma, shi kuwa ko motsi.

A bayansa masallaci ya yi tsit, sannan aka fara gunaguni. Wani ya ce, “Ya daɗe fa.” Wani ya ce, “Ku duba bayansa, yana motsi?” Sai ƙarar kujera ta faɗi. Jilani ne, wanda rabonsa da ƙasa tun kafin a yi wa masallacin fenti, ya yar da sanda ya zube, ya taho da rarrafe yana ture mutane.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ya tafi! A sujada ya tafi, jama'a, kun ga ƙarshen mutumin kirki! Larusi, ɗan'uwana, wa zai ƙara zagina?”

Larusi yana jin komai. Dariya ta taso masa tun daga ciki, ya cije leɓe, don in ta kuɓuce sallar ta tafi. Kafaɗunsa suka soma girgiza, Belgasim ya ce, “Ga shi nan, fitar rai ce, ku yi masa kalmar shahada!” Da ya ga abin zai fi ƙarfinsa, sai ya tattara muryar da yake kiran jirage da ita a tsakiyar teku.

“Allahu akbar!”

Ya taso ya zauna a kan ƙafarsa, bayansa a miƙe, gemu sharkaf, numfashinsa lafiya lau. Carbin wani ya faɗi ƙasa. Jilani yana durƙushe a gefensa baki buɗe, ya miƙa hannu ya taɓa gwiwarsa kamar mai taɓa tukunya a wuta.

“Larusi? Ashe da gaske ta cinyar suka bi?”

Mai salla ba ya amsawa. Larusi ya sake cewa Allahu akbar ya koma ƙasa, sujada ta biyu. Masallaci ya kaure da kabbara da hamdala, tsofaffi na kuka suna dariya, wani ya fita da gudu ba takalmi ya kai wa Shadliya labari. Lokacin tayar da salla ya yi har ya ɗan gota. Ladan ya miƙe ya dubi liman, liman ya ɗaga masa hannu.

“Dakata,” ya ce. “Bar shi ya ƙoshi.”

Ladan ya koma ya zauna, duk masallacin suka jira shi.